Yadda Na Yi Dillancin Ƙungiyoyin Duniya Biyu

Mutanen unguwar Aboabo sun san ni da dillancin shanu, sun kuma san ni da yawan surutu a ƙofar masallaci, amma kaɗan ne suka san na taɓa riƙe zumuncin ƙasashen duniya a hannuna, kamar mai riƙe da ƙwai a cikin yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, a kan hanyar Gbalahi mai ramuka. Ba a ba ni lambar yabo ba. Ban kuma nema ba, don na ji an ce sai an roƙa da Turanci, ni kuwa Turancina ya tsaya ne a aji huɗu, ranar da mahaifina ya leƙo ta tagar aji ya ce wa malam ya ara masa ni zuwa kara, kasuwar shanu, akwai shanun da suka sauka daga arewa. Har Allah ya karɓi ransa bai mayar da ni ba.

'Ya'yana duk sun watse. Wasu suna Kumasi, wasu Ankara can bakin teku, ɗaya ya ƙetare ruwa, sai dai murya a waya ranar Sallah. Uwarsu ta riga mu gidan gaskiya. Mutum ɗaya ta rage mini a Tamale, auta, wadda na sa wa sunan mahaifiyata, saboda haka bakina bai taɓa furta sunanta ba, Uwata nake ce mata. Tana aure a Kanvili, tana koyar da kimiyya a makarantar Turanci da Arabiyya ta unguwarmu. Kullum bayan la'asar sai in ji ƙarar babur ɗinta tun daga kwanar masu walda. Ko cikin babura dubu na san shi, don akwai wani tari da yake yi in ta rage wuta. Ta shigo, ta ajiye kwanon tuwo, ta ɗiga mini maganin ido, ta zazzage ƙwayoyin hawan jini a tafin hannu ta ga ko na yi mata wayo, ta yi mini faɗa, ta tafi. Tuwon ba kullum nake cinye shi ba, amma faɗan ba na barin ko loma.

Kimiyyar da take koyarwa kuwa ta alli ce. Ta zana kwalba a allo, ta zana wuta a ƙarƙashinta, ta ce wa yara su ɗauka ruwan ya tafasa. Yaran kirki ne, suna ɗauka.

Wata rana tana ɗiga mini magani, idona a sama, ba halin in kalle ta, sai ta ce, "Baba, wata makaranta a Kumasi ta neme ni. Suna da ɗakin gwaji."

Na ce, "Mijinki fa?"

"Kumasi a kan hanyarsa take. Shi da kullum yana bisa tirela, ina ruwansa."

"To ni fa, a kan hanyar wa nake?"

"Rufe idon, kada ya zube. Ban ce na tafi ba. Hedimasta ya ce za a yi mana namu ɗakin. In ya zo, me zai kai ni Kumasi? In bai zo ba, Baba, na gaji da tafasa ruwan alli."

Da haka na san cewa sauran la'asar ɗina a duniya sun rataya ne a wuyan wani ɗaki da ba a ko haƙa harsashinsa ba.

Ina cikin kwamitin iyayen makarantar, ba don ilimi ba, don furfura. A taron da ya biyo baya hedimasta, ɗan mahauta ne, mun saba tsokanar juna tun ina sayar wa ubansa ramammun shanu, ya miƙe yana washe baki. Ya ce manyan ƙungiyoyi biyu sun haɗa hannu. Ɗaya ta duniya ce baki ɗaya, mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu. Ɗayar ta ƙasashen Musulmi ce, ita ma aikinta ke nan. Sun zauna a can wata ƙasa sun yarda su yi aiki tare, kuma makarantarmu na cikin waɗanda rabo ya faɗa wa. Ta Musulmi za ta yi gini ta kawo farantan sola, tunda wutarmu ta gari sai ta ga dama. Ta duniya za ta kawo kayan gwajin. Aka yi ta kabbara da tafi. Ni kaɗai ban tafa ba.

Na ɗaga hannu na ce, "Ɗan mahauta, ka ce biyu?"

"Biyu, Baba dillali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"Haka ne. Amma in masu ɗaukar suka ɓata a tsakiyar hanya, a kan wa jinkar take faɗowa?"

Aka yi dariya, don sun ɗauka wasa nake. Yara ne, ba su ga injin niƙan bakin kasuwa ba. Ina saurayi wasu aminai biyu suka haɗa hannu suka sayo shi, irin amincin da har kwano ɗaya suke ci. Matan unguwa suka huta da dutse. Ba a daɗe ba aka saɓa a kan masarar matar wa za a fara niƙawa da safe. Dattawa suka yi sulhu, sulhun ya kai ga rabo: ɗaya ya kinkimi injin, ɗaya ya kwance bakin niƙan, bel ɗin ma sai da aka yanka shi biyu don adalci. Kowa ya kai rabonsa ɗaki ya yi tsatsa, mata suka koma dutse. Yanzu ga shi ana gaya mini wuta ta wani ce, kayan aiki na wani ne, kuma in yi tafi.

Saboda furfurar nan dai aka ɗora mini tarbar baƙi. Ranar da wakilan suka fara zuwa na tsaya a ƙofar makaranta da sabuwar batakari, rigar saƙi irin ta Dagomba, na zuba ido irin na kara. Abin da na fara gani bai yi mini daɗi ba: mota biyu. Mutanen da ke son juna mota ɗaya take isarsu. Daga ta farko wata mace ta fito, tabarau a bisa goshi, wakiliyar ta duniya. 'Yar zangon Kumasi ce, ofishinta a Ankara, tana jin Hausa irin tasu ta can. Ba ta jira na ɗayar motar ba ta shige. Daga ta biyu wani dogon mutum ya sauko, carbi a hannu, wakilin ta Musulmi, daga wata ƙasar masu Faransanci. Ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa.

A wurin taron suka fara. Ya ce tagogi su kalli nan, ta ce su kalli can. Yana magana ta katse shi, tana buga biro a tebur. Shi kuma ya yi wata dariya yana kallon rufi. Na shekara aru-aru ina kallon mai saye da mai sayarwa, na san dariyar da ake yi kafin a kwance saniya a mayar da ita garke. Da aka zo cin abinci ni da kaina na tsaya a kan rabon zabi, cinya da cinya, ƙirji da ƙirji, har romo sai da na gwada da ludayi. Dogon ya ɗan taɓa ya ture kwanon. Daga baya aka ce mini barkono ne ba ya ci. A lokacin kuwa na ga injin niƙa ne ana kwance masa bel.

Dillali ba ya barin mutum biyu su yi ciniki ido da ido. Ka ja wannan gefe, ka ja wancan gefe, ka tace maganar kowa ka zubar da tsakuwar kafin ka kai wa ɗayan. Na ja mai tabarau gindin darbejiya.

"'Yata, dogon nan yana ganin girmanki ƙwarai. Ya ce duk yawonsa na ƙasashe bai ga mace mai kai irinki ba."

Ta sauko da tabarau kan hanci ta dube ni. "Da wane yare ya faɗa maka, Baba?"

"Da ido. Mu a kara ido muke ji."

Sannan na tare dogon a bakin motarsa, na haɗa Turancin aji huɗu da Larabcin salla na dama su wuri ɗaya. Na nuna ta da baki na ce, "Madam, gud, gud. Ta ce kai shaihu ne. Masha Allah." Ya dafa ƙirji ya rusuna. Na ce a raina, to, an ɗaura igiya ɗaya.

Amma yabon juna ba ya riƙe ciniki. Abin da ke riƙe shi, a samu abu guda a jikin saniyar da idon kowa ya kwanta a kai, ko tozo ne ko ƙafa, yadda in ɗaya ya tashi tafiya sai ya waiwayo. Na duba makarantarmu kaf. Rufi na yoyo, benci na da ƙafa uku, hedimasta kuwa ba abin nunawa ba ne. Abu ɗaya muke da shi mai tozo.

Mahaifina yana da doka. Akwai wani bijimi nasa na kansa da ba na sayarwa ba, in baƙo ya ƙyalla ido a kansa sai ya yi tsaki ya ce, "Wannan? Tari yake, ko kyauta ba na ba ka shi, kada ka zage ni." Yakan ce mini abin da kake so ya kwana a gidanka kada ka yabe shi a gaban baƙo. Ban da haka ma, ina aka taɓa jin uba ya buɗe baki yana yabon 'yar cikinsa? Da kunya. Na san dokar, na san kunyar, na tattara su na sa a aljihun batakari, don ɗakin nan nake so ya tsaya.

Na gaya wa mai tabarau yadda Uwata ta haɗa sikeli da gwangwanin tumatir da wayar keke. Na gaya mata yadda take kwasar 'yan aji zuwa bakin dam su ɗebo ruwa mai laka, su tace shi da gawayi da yashi a cikin gorar roba har ya fito kamar hawaye. Na gaya mata 'yan matan da suka daina zuwa suka koma tallan koko, ta bi su gida gida a kan babur tana jayayya da iyayensu har suka dawo. Dogon kuwa na ja shi har tagar ajinta na tsayar da shi, na nuna kaina, na nuna ta, na ɗaga babban yatsa. Ya daɗe a tsaye yana kallon yadda take tafasa ruwan alli. Na ce madalla, ido ya kwanta.

Daga nan aka shiga jira, kuma ba na yi wa maƙiyina fatan irin wannan jiran. Gini ya tashi. Akwatunan kayan gwaji suka iso aka kulle su a ofishin hedimasta. Farantan sola shiru. Aka ce suna tashar jirgin ruwa. Aka ce sun baro. Aka ce ba su baro ba. Makarantar Kumasi kuma ba ta daina kiran Uwata ba, sau da yawa a gabana wayar ke ƙara, ta dube ta, ta dube ni, ta kife ta a tabarma.

Na koma mutumin rediyo. Kowace safiya bayan asuba ina manne da labaran duniya, ni da a da ba na sauraron komai sai sanarwar rasuwa. Da na ji ƙasa kaza ta janye jakadanta daga ƙasa kaza sai in saɓa sanda in nufi makaranta.

"Ɗan mahauta, waɗannan da suka ɓata jiya, akwai tamu a ciki?"

"Baba dillali, ai kusan duk ƙasashen duniya suna cikin ɗaya ko ɗayar. Wasu ma suna cikin duka biyun."

"Wato kowa ya yi atishawa a duniya mu za mu kama mura."

"Ka je gida ka kwanta, don Allah."

Ina zancen kwanciya! Jinina ya hau har Uwata ta zarge ni da ɓoye ƙwayoyi a ƙarƙashin katifa, ta ɗaga ta duba. Na karɓi lambar mai tabarau, kowace Juma'a in yi mata filashin, ita ta kira, don ƙungiyar duniya ta fi ni kati. In tambayi lafiyar dogon, in ce ya aiko mata da gaisuwa ta bakina, sannan in ƙara mata wani sabon labarin Uwata. Da na gaskiyar suka ƙare ban ƙirƙiro ba, Allah shaida, sai dai nakan maimaita tsoho da sabon gishiri.

Ana cikin haka suka dawo da wata 'yar na'urar ɗaukar magana, wai ɓangaren al'adu. Suna so tsofaffin zango su faɗi yadda kakanni suka biyo hanyar goro suka zauna a nan, da yadda ake sana'o'in da. Aka zaunar da ni in nuna yadda ake ciniki a kara. Na ce wannan kam kun zo gidan. Na mai da hedimasta saniya, na zagaya shi ina duba haƙora, na nuna musu yadda mai saye ke tayawa, mai kaya ya kau da kai ya ce albarka, wato bai yarda ba, a ƙara, ya sake cewa albarka, har a kai inda zai numfasa ya ce na sallama. Na ce musu daga wannan kalmar babu komawa, ko da saniyar ta haihu a wurin. Dogon ya ji daɗin abin ƙwarai da aka fassara masa. Ya yi ta maimaitawa, albarka, na sallama, albarka, na sallama, kamar ya samu sabon wuridi. Ranar ma mota biyu suka zo da ita, kuma sun yi musu a kan inda za a ajiye na'urar.

Farantan suka iso ana tsakiyar damina, a bayan wata babbar mota, lulluɓe da tamfol. Na bi su da ƙafa tun daga bakin titi ina yi wa direba faɗa a kan ramuka. Da aka ɗora su a rufi aka kunna fitila da rana tsaka, na zauna a kan bulo ina kallonta. A la'asar ɗin Uwata ta kira Kumasi a gabana ta ba su haƙuri. Na cinye tuwon tas, har na suɗe kwanon.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa, makaɗan Dagomba suka zo da gangunansu, aka yanka zabi, na sa aka dafa na dogon daban ba barkono. Allon da aka kafa a ƙofa ni na tsaya a kan mai fenti da igiya ina auna tambarin kowace ƙungiya, kada na wata ya fi na wata ko da faɗin farce. Uwata ta ja ni ciki ta ce in leƙa wani madubi mai ƙara girman abu. Ta ɗiga ruwa a kan gilashi. Na leƙa da idona mai dama-dama, sai ga wasu halittu suna iyo suna karo da juna kamar ranar kasuwa.

"Ruwan ina ne wannan?"

"Na randarka ne, Baba. Wadda na ce a wanke ka ce ta gado ce."

Na fito ina tofar da yawu, mutane na dariya, zuciyata fari ƙal. Na koma kujerata a sahun gaba. Sai ga mai tabarau da dogon sun miƙe tare, kafaɗa da kafaɗa, abin da na yi wata da watanni ina roƙon Allah in gani. Ta yi magana da Turanci, sannan ta juya da Hausa saboda mu. Ta ce ƙungiyoyin biyu suna da wani shiri na haɗin gwiwa, suna ɗaukar malamin kimiyya su kai shi ƙasar waje ya ƙaro karatu shekara biyu, ya dawo ya koyar da sauran malamai. Ta ce ita da abokin aikinta ba su cika yarda da juna a kan komai ba, ko a kan taga, amma da aka ce kowa ya kawo sunan wanda ya gani, suna ɗaya suka kawo.

Ban ji sunan ba, guɗar mata ta rufe shi. Ba na kuma bukatar ji. Sunan mahaifiyata ne.

Da aka watse na ja mai tabarau gindin darbejiyar nan.

"'Yata, akwai abin da ban gaya miki ba. Yarinyar nan ba ta jure sanyi. Ko fanka aka kunna sai ta kwana tana tari. Ga faɗa. Ni ubanta ma ban tsira ba, bare Turawa. Abincin kowa ba ta ci sai nata."

Ta yi dariya har ta cire tabarau tana goge ido. "Baba, kai ne fa ka tallata mana shi." Haka suke magana a Kumasi, mace ma shi ce. "Ni da dogon nan mun yi aiki tare a ƙasashe da yawa, musu shi ne gaisuwarmu. Duk saƙon da ka kai masa da wanda ka kawo mini, a waya muke haɗa su mu sha dariya. Wai ni na ce masa shaihu! Amma maganar 'yarka mun je mun bincika, mun tarar ba ka faɗi rabi ba."

Dogon ya ƙaraso, ya kama hannuna da nasa biyu, fuskarsa cike da murna, ya kawo 'yar Hausar da ni na koya masa. "Baba. Albarka? Na sallama?"

Na zare hannuna daga nasa a hankali. Mai tabarau ta daina dariya. Ta ce ba yau ba, ba kuma dole, maganar tana hannun Malama da mijinta da ni, su za su jira.

Washegari bayan la'asar na ji tarin babur daga kwanar masu walda. Ta shigo, ta ajiye kwano, ta ɗiga magani, ta zazzage ƙwayoyi ta mayar. Ba ta yi faɗa ba. Na bar hulata a ƙasa da gangan, na bar butar alwala a tsakiyar hanya, ta ɗauke su ba ta ce uffan ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan shirun ba.

Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Mijina ya kira daga hanya, ya ce shi ya yarda, yaranmu su zauna wajen innarsa. Saura kai. Baba, ba wasa nake ba. In ka ce kada in je, ba zan je ba, ba kuma zan riƙe ka a zuciya ba. Ai ga ɗakin ya zo. Abin da na ce ina so ke nan."

Na san da gaske take. Kalma ɗaya ce, na faɗe ta sau dubu a kara ba tare da na ɗaga kai ba. Albarka. In faɗa, gobe in ji babur, jibi in ji babur, har ranar da za a fitar da ni ta zauren nan. Maganin idon yana gangaro mini a kumatu, ita kuma tana kallon yatsun ƙafarta. Sai na tuna malaminmu na aji huɗu, alli a hannunsa, yana kallon taga, da inuwar mahaifina da ta rufe hasken. Ranar ana koya mana yadda ake raba lamba mai tsawo ne. Har yau ban san yadda ake ƙarasawa ba.

Na ce, "Uwata, wace irin ƙasa ce? Da gaske akwai sanyin?"

"An ce har ƙanƙara tana zuba."

"To sai ki nemi batakari mai nauyi, ta maza, kada ki tsaya kwalliya." Na share kumatuna. "Ki gaya wa dogon na sallama. Amma ki gaya masa da yaren da yake ji sosai, aro ne. Aro na ba su."

Ta kife fuska a gwiwata. Da ta ɗago sai ta ce wane ne ya bar buta a tsakiyar hanya, so nake in karye a bar ta da jinya? Na ce alhamdu lillahi.

Ta tafi bayan ƙaramar Sallah. Maganin ido yanzu matar maƙwabcina ce ke ɗiga mini, Badagombiya mai kirki, hannunta da nauyi, kuma duk abin da na ce sai ta ce naa, wato to a yarensu, ko musu ɗaya ba ta yi. Babur ɗin yana zaurena. Uwata ta ce a riƙa tayar da shi kada batir ya mutu, ta ce in sa wani. Ban sa kowa ba. Bayan la'asar nakan dafa bango in taka shi da kaina, ya yi ƙara, in rage wuta ya yi tarin nan nasa, in bar shi ya ɗan jima sannan in kashe.

Kafin ta tafi na tambayi hedimasta yadda aka tsara abin, ya ce kada in damu, komai a rabe yake daidai: ƙungiya ɗaya ce ta ɗauki nauyin karatun, ɗayar kuma ita za ta sayi tikitin dawowa. Ya faɗa yana murmushi, ɗan mahauta, bai ga injin niƙa ba.

Saboda haka ban ajiye aiki ba. Rediyo na nan a kunnena kowace safiya. Ranar Juma'a in na dawo masallaci nakan yi wa mai tabarau filashin, ta kira, in ce mata dogon yana gaishe ta, ya ce babu kamarta. Ta ce ta ji, Baba, ita ma tana gaishe shi. Sannan in ce mata yarinyar nan fa tarin nata ya ƙaru, jiya a waya na ji, kuma faɗanta sai abin da ya ci gaba, in sun gama da ita kada su yarda wani ya taya.